Zanen da ba ya wankuwa: tunanin wani uba a kan jarfa



Ya ku iyaye da ƴan uwa masu karatu, akwai maganganun da ba mu cika kawo su cikin hirar gida ba, domin muna ɗaukar su na wasu mutane ne can nesa. Jarfa tana daga cikinsu. Ita ce zanen da ake yi wa fatar mutum da allura da tawada, wanda Larabawa ke kira washmu, Faransawa ke kira tatouage, yaranmu kuma suka gajarta suna cewa tatu. Nisan nan kuwa ya ƙare. Duk daren da ake buga ƙwallo, samarinmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai da Garwa da Injamena suna zaune gaban telebijin suna kallon hannayen Messi da Neymar da Sergio Ramos, waɗanda zane ya lulluɓe. Abin da ido ya saba gani kuwa, zuciya ba ta daɗewa ta daina ƙyamarsa.

Ni uba ne, kuma na yi shekaru ina koyarwa a lakwal. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: jarfa ta zama fasaha ta gaske a wannan zamani, kuma faɗin haka bai halatta ta ba. Uban da ya ce wa ɗansa zanen ba kyau alhali yaron yana ganin kyansa, ya riga ya faɗi a muhawara tun ba a fara ba. Inda gardamar take shi ne allon da aka yi rubutun a kai, da kuma wanda ya mallaki allon.

Kafin mu leƙa gidan wani, ya kamata mu fara da namu. Kalmar jarfa ba aro muka yi ba, tamu ce tun kaka da kakanni, kuma harshe ba ya raɗa suna ga abin da babu. Kakata ta wajen uwa ta rasu da ƴan ɗigo-ɗigo masu duhu a goshi da kumatu, waɗanda aka yi mata tana budurwa: wanzami ya tsaga, aka shafa baƙin tukunya, ya zauna har ranar da aka yi mata sutura. Mahaifina kuwa yana da askar gado a fuska. A zamanin da aka yi masa, aska ita ce takardar shaida. Da ita ake gane Bagobiri da Ba'are da Babarbare, da ita ake gane ɗan gida idan yaƙi ko hari ya raba shi da danginsa. Ban da ta gado akwai ta ado, irin su bille da kalangu da ƴar baka, akwai kuma tsagar magani. Har yau duk wanda ya je taron Wodaabe zai ga zanen da ke fuskokin matansu.

Mu ƴaƴan mahaifina ba wanda aka tsaga. Ya ba ni labari cewa ranar sunan yayanmu na fari dattawan gida sun sa wanzami ya zo da shirinsa, shi kuwa ya yarda da aski, ya roƙi a bar fuskar yaro yadda Allah Ya yi ta, domin malaminsa ya karantar da shi cewa ko dabba an hana a yi mata lalas a fuska. An yi ta ɓacin rai na ɗan lokaci, daga baya gidaje da yawa suka bi sahu. A Nijeriya ma dokar kare haƙƙin yara ta shekarar 2003 ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga. Ina kawo wannan tarihi ne saboda uban da ya daka wa ɗansa tsawa ya ce jarfa al'adar kafirai ce, zai iya jin yaron ya tambaye shi: to ta fuskar kaka fa? Laifi tudu ne. Gaskiyar da za mu faɗa wa yaro ita ce mu ma mun yi, ilimi ne ya zo muka bari, kuma barin bai rage darajar iyayenmu da ko ƙwayar zarra ba.

Sauran al'ummomin duniya su ma sun daɗe da wannan aiki. A shekarar 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙarar duwatsun Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. Masana suka raɗa masa suna Otzi, suka ƙirga zane 61 a jikinsa, da yawansu a gadon baya da gwiwa da idon sawu, wuraren da ke nuna alamar ciwon gaɓɓai, abin da ya sa wasu ke ganin tsagar magani ce irin wadda wanzamanmu suka sani. Kalmar da Turawa ke amfani da ita kuwa ta fito ne daga tsibirin Tahiti, inda matafiyin nan na Ingila James Cook ya ji ana cewa tatau a shekarar 1769. Wajen mutanen Mawori na Niyu Zilan, zanen fuska shi ne ke faɗin asalin mutum da matsayinsa, har ma Nanaia Mahuta, wadda ta zama ministar harkokin wajen ƙasar a 2020, tana ɗauke da nata a haɓa. A Japan gwamnati ta haramta jarfa a 1872, ba a ɗage haramcin ba sai 1948, kuma saboda alaƙarta da ƙungiyoyin ƴan ta'adda na yakuza, gidajen wanka da yawa ba sa karɓar mai ita. A sansanin Auschwitz kuma, ƴan Nazi sun riƙa yi wa fursunoni lamba a hannu kamar yadda ake yi wa shanu. Allura ɗaya ce, amma wani wuri ta zama sarauta, wani wuri ta zama ƙasƙanci.

A Turai da Amurka an daɗe ana danganta jarfa da matuƙan jirgin ruwa da sojoji da ƴan kurkuku. Abin da ya fara sauya lamarin shi ne na'urar lantarki da Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a birnin New York a 1891, wadda ya ɗauko dabararta daga wani alƙalamin lantarki na Thomas Edison. Aikin da ke cin kwanaki ya koma na ƴan sa'o'i, layi ya yi siriri, aka samu damar yin inuwa da launi. Daga baya waɗanda suka yi karatun zane a manyan makarantu suka shigo sana'ar. A Faransa, binciken da cibiyar Ifop ta yi ya nuna masu jarfa sun tashi daga kashi 10 cikin ɗari na manya a 2010 zuwa kashi 18 a 2018. A Amurka cibiyar Pew ta samu kashi 32 a 2023, wato kusan mutum ɗaya cikin uku.

Shaida mafi girma ta samun karɓuwarta ita ce baje kolin da gidan tarihi na Quai Branly a Paris ya shirya daga Mayu 2014 zuwa Oktoba 2015, mai suna Tatoueurs, tatoués. Na ga hotunan abubuwan da aka nuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai gwaninta: daidaiton layi, da iya sarrafa haske da duhu, da sanin yadda zane zai bi lanƙwasar kafaɗa ya motsa idan mai shi ya motsa. Wanda ya taɓa riƙe alƙalami ya san wannan ba wasa ba ne, balle a ce a kan abin da ke numfashi yana zubar da jini, inda babu gogewa idan hannu ya kuskure. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Da yake ba a rataye mutum a bango, sai masu shirya bajen suka ƙera hannaye da ƙafafu da gangar jiki na roba, suka aika wa gwanaye su zana. Kafin a iya nuna aikin a matsayin fasaha zalla, sai da aka raba shi da jikin ɗan Adam.

Alƙalan Faransa ma sun ci karo da wannan matsala. Ƙungiyar masu jarfa ta ƙasar, wadda aka kafa a 2003, ta daɗe tana neman a lissafa ƴaƴanta cikin masu fasaha kamar masu fenti da masu sassaƙa, su ma a ɗauke musu wani haraji. A Disamba 2022 babbar kotun da ake kira Conseil d'État ta ƙi. Hujjarta ita ce mai fenti yana sayar da abin da zai iya fita daga hannu zuwa hannu, shi kuwa zanen da ke jikin mutum ba haja ba ce da za a miƙa wa wani.

Akwai wanda ya gwada mayar da shi haja. Wani mai fasaha ɗan Beljiyam, Wim Delvoye, ya tsara zanen da aka yi a bayan wani ɗan Suwizalan mai suna Tim Steiner. A 2008 wani Bajamushe mai tara kayan fasaha ya sayi zanen a kan Yuro 150,000, sama da miliyan 98 na kuɗin sefa. Sharaɗin cinikin shi ne mutumin zai riƙa zama ba riga a gidajen kallo, ya juya wa jama'a baya, kamar yadda ya yi a Louvre a 2012, kuma idan ya mutu a feɗe fatar bayansa a sa ta cikin firam a miƙa wa mai ita. Ranar da na karanta wannan labari na daɗe ina juya shi. Mu da muke wanke mamacinmu a hankali kamar yana jin zafi, muke rufe shi da dukkan gaɓɓansa, ina za mu sa irin wannan ciniki? Ba kowane mai jarfa ne ke kaiwa nan ba, amma nan ne ƙarshen hanyar da ta fara daga cewa jikina nawa ne, in yi yadda na so da shi.

Yana da kyau iyaye su san yadda abin yake aiki, domin yaro ya fi sauraren wanda ya san abin da yake faɗa. Allurar tana ratsa fatar sama, wadda ke saɓulewa tana sabuntawa, ta ajiye tawada a fata ta biyu, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, sai ya tura wasu ƙwayoyin halitta masu gadi su haɗiye ta. Suna haɗiyewa amma ba sa iya narkar da ita, sai su zauna da ita a wurin. Masu bincike a birnin Marseille sun nuna a 2018, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu suka saki tawadar, sababbi ne ke zuwa su sake haɗiye ta. Wato zanen yana dawwama ne saboda jiki bai taɓa daina kokawa da shi ba. Wani sashe na tawadar kuma yana tafiya ya taru a ƴan ƙululun nan na hammata da matsematsi, waɗanda idan sun kumbura muke cewa kaluluwa. A Janairu 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a cikin tawadar jarfa. Idan haka ake a inda hukuma ke sa ido, yaya za a yi da wanda ke yi a ɗakin bayan kasuwa da allurar da ta shiga jikin wani, ga ciwon hanta ga cutar sida?

Cire ta kuwa ya fi yin ta wuya da tsada. Ana amfani da hasken leza ya farfasa tawadar, sai an yi ta komawa watanni, da zafi, kuma wani launin ba ya fita duka, wani lokaci a baƙar fata wurin yakan bar tabo. A binciken Pew da na ambata, kashi 24 cikin ɗari na masu jarfa sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin nasu. Ɗan shekara 18 ne ke yanke hukunci, dattijo mai shekara 60 ke ɗaukar kaya, alhali ba a yi shawara da shi ba. Da na sani ƙeya ce.

Ta fuskar addini maganar a sarari take, kuma na san malamanmu sun fi ni iya bayaninta. Hadisai ingantattu da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da su, sun zo da tsinuwa a kan mai yin jarfa da mai neman a yi mata, kuma malamai sun haɗa wannan da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, mai magana a kan canza halittar Allah. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramci, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a makarantar zaure ya wuce ta kan wannan hani. Tushen hukuncin shi ne jiki amana ne. Aro aka ba mu, kuma mai hankali ba ya rubuta sunansa da wuƙa a kan kayan aro.

Amma haramcin aiki daban, wulaƙanta mutum daban. Cikin sahunmu na salla akwai tsofaffin da aka tsaga suna jarirai, waɗanda malamai suka ce ba laifi a kansu. Akwai wanda ya musulunta da zanensa, akwai ɗanmu da ya je ci-rani ya dawo da abin da yake ɓoyewa cikin dogon hannun riga. Malamai irin su Imamu Nawawi sun bayyana cewa idan cirewa za ta jawo cuta, ba ta wajaba, tuba ta wadatar. Da yawa kuma sun yi fatawa cewa alwalarsa da wankansa sun inganta, tun da tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa ta. Wanda ke cikin wannan hali ya je ya tambayi malamin da ya amince da shi. Mu kuwa sauran, kada kallon da muke yi wa hannun mutum ya kore shi daga masallaci.

Abin da ya fi damuna a matsayin malamin makaranta shi ne yaron da Allah Ya ba hannu. A kowane aji akwai shi, wanda bayan littafinsa ya cika da zane. Ɗan ƙanwata yana cikinsu. Wata rana uwarsa ta turo mini shi da ƙara, wai ya zane damtsensa da na abokansa da bik. Na duba, sai na ga aiki ne mai tsari, har da inuwa. Na ce masa: «Yaro, wa ya koya maka wannan?» Ya sunkuyar da kai ya ce: «Ba kowa, Kawu, a hoto nake gani.» Na ce: «Hannunka yana da kyau, allo ne ba ka samu ba.» Na kai shi wurin wani dattijo mai zayyanar allon sauka, ya ga yadda ake raba fili da zare, yadda ake haɗa ja da kore da rawaya. Yau shi ke zana wa wani maɗinki fasalin aikin wuyan riga, ana biyansa.

Mu ba matalautan zane ba ne. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga adon da magina suka yi wa fuskokin gidaje, wanda ya ga aikin azurfa na maƙeran Agadas, da jakunkunan dukawa, da ƙwaryar da aka yi wa zane da wuta, da dagi, ya san idon Bahaushe da maƙwabtansa ya daɗe da sanin kyau. Abin sha'awa ma, fitaccen aikin da ake yi wa babbar riga sunansa aska takwas. Ga aska nan a ƙirjin riga, ana ado da ita ranar Idi, ana tuɓewa a ninke, ba ta zubar da jinin kowa ba.

Ga mata kuma Allah Ya yi sauƙi da lalle, wanda shari'a ta yarda da shi, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, cikinsu har da Sudan da Muritaniya. Gwanayen ƙunshinmu suna yin furen da ba ya kasa na kowane mai allura a Paris, kuma bayan mako biyu ko uku ya tafi, hannu ya koma yadda yake, a sake sabo. Sai dai a yi hattara da baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi domin ya kama da wuri. Yana ɗauke da sinadarin da ake kira PPD, wanda ke sa fatar wasu ta yi ƙuraje da ƙuna har ta bar tabo, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ƙin yakan zauna mata har abada. Amarya da ƙananan yara su ne suka fi cancanta a kiyaye.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan maganar jarfa ta taso a gidajenku, kada ku rufe ta da tsawa. Ku yarda da kyan abin da yaro ya gani, ku ba shi tarihin fuskokin kakanninsa ba tare da kunya ba, ku faɗa masa abin da allura ke yi wa jiki da abin da shari'a ta ce, ku nuna masa cewa Sadio Mane da Muhammad Salah sun yi fice a ƙwallo ba tare da sun zane jikinsu ba. Idan kuma mai hannu ne, ku saya masa takarda da launi, ku kai shi wurin gwani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma baiwar da ba a nuna mata hanya a gida ba, waje za ta nema.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon mayar da amanar jikinmu ga Mai ita cikin aminci, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu. Amin.

Wassalamu alaikum.